Wuƙaƙenka a Tukunyar Shayi

Baban yara,

Na bar ka kana barci, na kai Mama a duba ta. Kada hankalinka ya tashi, amai kawai ta yi.

Shayin da ka bari a babbar tukunya na ɗauka ragowar na jiya ne. Na ɗumama, na zuba madara, na kai mata. Ta kurɓa sau biyu, ta ce yau shayin nan ƙarfe-ƙarfe yake yi. Da na karkata tukunyar sai ga wuƙaƙen fim ɗinka uku kwance a ƙasa, da ƙusoshi masu tsatsa da guntun fata. Tir!

Ka shafe takobi da man takalmi a kan zanen gadona, na yi shiru. Amma tukunyata?

Na dirje wuƙaƙen da soson ƙarfe, suna ƙyalli kamar yau aka ƙera su. Na san jibi za a ɗauki fim ɗin, kuma tsofaffi darakta yake so. Sai ka nemi wani wurin tsufar da su.

Mama ta ce tunda ita ta haife ka, sauran shayin naka ne. Yana cikin filas.

Maman yara