Inda Allurata Ba Ta Kai Ba

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
Jibrin ya kawo Husaina daga Badarawa. Sati biyu ke nan da yin ɓarinta, ga zazzaɓi, ga ciwon mara, tafiya ma a duƙe take yi. Shi so ya yi ya wuce da matarsa asibiti. Na ce asibitin me? Shekara tara na yi ina miƙa wa likitoci kayan aiki kafin in buɗe kemis ɗina, kaf Unguwar Shanu "Nas" ake ce mini. Ƙanwata guda ce za ta gagare ni? Na fara mata allurar kashe ƙwayoyin cuta, safe da yamma.

Alhamis, 4 ga Yuli
Zazzaɓi ya sauka, har ta ci tuwo. Na kira Jibrin a ofis na yi masa tsiya, na ce ma'aikatan gwamnati dai sai bin layi.

Asabar, 6 ga Yuli
Zazzaɓin ya dawo. Da rawar ɗari.

Lahadi, 7 ga Yuli
Na canza allura, na haɗa da ƙwaya. Mafi ƙarfi da nake da ita ke nan. Na kasa zama, sau uku ina goge kantar da ba ta da ƙura. In na danna mararta ta hagu sai ta riƙe mini hannu. Ta tambaye ni ko za ta sake samun ciki. Shekara huɗu suna nema. Na ce insha Allahu, na fita tsakar gida ba tare da abin yi ba.

Talata, 9 ga Yuli
Jibrin ya zo da mota. Bai nemi shawarata ba, gaisuwa kawai: "Yaya, za mu tafi." Raina ya ɓaci, amma na ɗauki hijabi na bi su.

Laraba, 10 ga Yuli
Sun yi hoto. Ƙurji ne a cikin mara, ya kama bututun mahaifa na hagu, girmansa ya kai lemon zaƙi. Likitar ta tambayi abin da aka ba ta, na lissafo mata tsaf, ina jiran ta kama ni da kuskure. Ta ce ai maganin ba laifinsa ba ne. Wai mugunya in ta taru, jiki gina mata katanga yake yi, jini ba ya shiga ciki, magani kuwa a jini yake tafiya. Ɗan abin da ya ratsa ma, mugunyar ta kashe masa ƙarfi. Ƙwayoyin cutar kuma ba iri ɗaya ba ne a ciki. Ƙaramin ƙurji kan ji magani, mai wannan girma sai an zuƙe.
"Hajiya, maruru in ya nuna, allura kike masa ko matsewa?"
Na san amsar. Kullum ina faɗa wa mutane ita.
Na tambaye ta da tun ranar farko aka kawo Husaina fa. Ta ce Allah ne masani, ta mai da ido kan fayil. Gara ma ta zage ni.

Alhamis, 11 ga Yuli
An shiga da ita tiyata. Na zauna, na tashi, na je bakin get, na dawo. Jibrin na jan carbi, ko kallona bai yi ba. Tsoro nake ji. Ban taɓa rubuta wannan ba.

Juma'a, 12 ga Yuli
Ta farfaɗo, alhamdu lillahi. Bututun hagu ya lalace, sun cire. Saura na dama, shi ma sai yadda ta yiwu.

Talata, 16 ga Yuli
'Yan dubiya cike da ɗaki, Husaina ta ce, "Ba don allurar Yaya Harira ba, da tuni wani zance ake." Kowa na sa mini albarka. Jibrin ya tashi ya fita. Ban gyara mata ba.

Asabar, 27 ga Yuli
Ana ta ruwa, ciniki babu. Larai mai ƙosai ta shigo da surukarta, kwana goma da haihuwa, jiki zafi, hannu a mara. Wai Nas ta taimaka da allura irin ta Husaina. Na ce mata ta ƙare. Na tare musu keke da kaina, na faɗa wa direba asibitin da zai kai su, na ce su ce a yi hoto yau.
Kwali biyu na allurar na nan a durowa, ko buɗe su ban yi ba.