Ƙorafi kan Filin Kamiyoyi da Aka Ƙwace a Bayan Lazaret

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsara Tsayuwar Manyan Motoci, Yamai
Daga: Hajiya Madina Sumana, ƴar kasuwar albasa, Lazaret
Kwanan wata: 9 ga Yuni, 2025
Game da: Saɓa alkawarin da wakilinku, Malam Abdulrazak Ismaël, ya yi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ban girma, mai ƙorafi na neman izinin gabatar da kukanta kamar haka:

1. Mai ƙorafi tana da kamiyo ɗaya, wato babbar motar kaya, da mijinta marigayi ya bar mata, wanda ke ɗauko albasa daga Galmi. Da shi take ciyar da marayu. Lokacin da aka fito da dokar hana manyan motoci kwana a bakin titi, ba ta yi gardama ba, domin ta sha ganin yara na kutsawa tsakanin tayoyi.

2. Ranar 3 ga Fabrairu, Malam Abdulrazak ya zo har gidanta. Ya kira ta uwa, ya ci tuwonta. Ya ce direbobi ba sa jin maganarsa amma suna jin tata, ya roƙe ta ta shawo kansu su koma wani kangon fili da ke bayan kasuwa. Ya rantse a gabanta cewa filin nasu ne muddin dokar na aiki.

3. Mai ƙorafi ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta sa mutuncinta jingina. Filin nan juji ne mai ramuka. Direbobi suka kwashe shara da hannunsu, suka yi ta jigilar marmara da motocinsu cikin azumi, har wurin ya kwanta sumul.

4. Ranar 14 ga Afrilu suka wayi gari an kewaye filin da waya, an sa mai gadi. Yau motocin sayarwa ne jere a ciki, na surukin Malam Abdulrazak. Ba a kira taro ba, ba a ba kowa hanzari ba.

5. Da suka rasa wurin zuwa suka koma bakin titi, sai aka ja motocin zuwa furiyar, inda ake tsare su. Albasar mai ƙorafi ta ruɓe a can cikin rana. Ta je ofishin Malam Abdulrazak, ya aiko a ce mata ba ya nan, alhali tana jin muryarsa.

6. Asarar kaya da sauƙi, ranka ya daɗe. Direbobi sun ɗauka da ita aka haɗa baki. Halidu, wanda ya tuƙa wa mijinta tun kafin ta haifi ɗan fari, ya ajiye mata makullin kamiyon a bakin ƙofa, bai ko shigo ba.

Saboda haka mai ƙorafi na roƙon a mayar wa direbobi filin, ko a nuna musu wani a rubuce. A kuma saki motocin da ke tsare. Sannan a kira Malam Abdulrazak gaban direbobin nan, ya faɗa da bakinsa cewa ita ma yaudararta ya yi. Idan ɗaya kaɗai za a iya yi mata, to wannan na ƙarshe take so.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Mai biyayya gare ku,
Hajiya Madina Sumana