Kalmomin da Na Ƙi Gogewa

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyunmu. Allah Ya yaye miki ciwon bayan nan da Umma ta ce yana damunki, Ya raya mana yaran cikin albarka. Mu nan gida kowa lafiya. Baba yana nan yana fama da wayoyin lantarkin mutane, kullum ya dawo sai ya yi mitar cewa tsani ya fara fin ƙarfin gwiwarsa, amma gari na wayewa shi ne farkon fita. Umma ta samu ɗinkin kayan makaranta da yawa, falo ya cika da yadi har babu wurin zama. Auta kuwa ta yi tsawon da ba za ki gane ta ba, ta gaje takalmina, yanzu kuma ta sa wa jakata ido.

Yaya, na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya. Dalili shi ne wayar ta Baba ce, kuma kin san idan ana magana da ke ba ya matsawa ko'ina. Ban da haka, maganar da nake son yi miki bakina ba zai iya furta ta ba, ko a rubuce ma sai da na yaga takarda na sake. Baba ya ce zai kira ki don ki ja mini kunne, wai ke kaɗai nake jin maganarki. Shi ya sa na roƙi Kawu direba ya taho miki da wannan, domin ki ji daga gare ni tukuna. An karɓe mini bajon firifet ta laburare. Kuma tun daga farko ina so ki sani, ban yi nadama ba.

Bari in fara da yadda laburaren ya koma, tunda a zamaninku durowar katuna kuka sani. Yanzu an zuba duk littattafan a kwamfuta, cikin kundin da muke kira katalog, kuma ko daga gida mutum zai iya buɗe shi a waya. Kowane littafi yana da gurbin suna, da na marubuci, da na maudu'i, wato abin da littafin yake magana a kai. Idan kin san sunan littafi, nema ba wuya. Idan ba ki sani ba, sai ki buga abin da kike so, kwamfuta ta duba gurbin maudu'i ta kawo miki. Abin da ba a rubuta a wannan gurbin ba, ko littafin yana gaban hancinki, kwamfuta za ta ce babu. Aikina shi ne in zauna kusa da Malamar laburare lokacin tara da bayan tashi, in duba sabon littafi, in buga kalmomin da ɗalibai za su iya nemansa da su, ita kuma ta duba ta amince. Kin san ni da surutu ba mu haɗa hanya ba. A duk makarantar nan, kujerar nan ce kaɗai wurin da shiruna yake da amfani. Har na fara gaya wa Umma cewa aikin da zan karanta ke nan.

Wata rana a zangon da ya wuce, ina jera littattafai sai na ji shessheƙa a lungun kantoci. Na leƙa na ga wata 'yar aji ɗaya mai tabarau, ta ɗaure suwaita a ƙugu, ta manne da bango. Na tambaye ta ko dukanta aka yi, ta girgiza kai. Da ƙyar ta gaya mini cewa ta ga jini, kuma ta tabbata wata muguwar cuta ce ta kama ta. Mahaifiyarta ta rasu, a gidan daga ita sai babanta da yayyenta maza. Ta ce ta je kwamfutar nema ta buga jini, sai aka kawo mata littafi kan sauro da wani kan ba da gudummawar jini a asibiti. Yaya, nan take na tuna ranar da abin ya same ni, yadda kika rufe mana ƙofar ɗaki, kika zaunar da ni bakin gado kika yi mini bayani, har kika sa ni dariya ina cikin kuka. Ni ina da ke. Ita ba ta da kowa, sai ta je ta tambayi kwamfuta, kwamfuta kuma ta ba ta sauro.

Na raka ta wurin Malamar jinya aka ba ta audugar mata, sannan na dawo na fara bincike. Ashe muna da littattafai masu kyau a kan wannan magana, ɗaya ma da Hausa, da zane-zane masu mutunci, babu abin kunya a ciki. Amma sunayensu dogaye ne irin na likitoci, kuma a gurbin maudu'i abin da aka sa musu kawai shi ne kimiyyar halittu. Idan kin buga wannan, sai kin wuce kwaɗi da tsutsa da saiwar wake kafin ki iso gare su, in ma kin san suna can. Wace yarinya ce cikin tsoro za ta zauna ta buga kimiyyar halittu? Sai na ƙara musu kalmomin da mu muke faɗa: jinin al'ada, ciwon mara, balaga, girman 'ya mace. Na kuma haɗa su, ta yadda wadda ta buga jini kawai za ta ga an ce mata ta duba jinin al'ada. Malamar laburare ta karanta, ta kalle ni ta saman tabaranta, ta ce ashe Shiru-shiru ma tana da baki, a yatsu yake. Ta amince. Kafin zango ya ƙare, littattafan da ƙura ta rufe har an fara yi musu layi.

To, shugaban ƙungiyar iyaye shi ne ya buɗe katalog a wayarsa, wai yana nema wa 'yarsa littafin lissafi. Ban san yadda lissafi ya kai shi can ba. Ya zo makaranta a fusace, ya ce an baza kalmomin rashin kunya a fili da sunan makarantar 'ya'yansu, kowa a duniya yana gani. Aka aiko a kira ni daga aji. Na shiga ofishin Shugabar makaranta, na tarar da mutumin zaune yana kaɗa makullin mota, Malama tana tsaye a gefe kanta a ƙasa, an kuma juyo da kwamfuta tana fuskantar ƙofa. Shugaba ba ta yi mini tsawa ba. Cikin lallashi ta ce ta san niyyata mai kyau ce, kuma babu wanda zai taɓa littattafan, suna nan a kantarsu, duk mai so ta ɗauka. Kalmomin kawai za a cire, a mayar da su yadda suke. Ta ce tunda da sunana aka shigar da su, in zauna in goge da hannuna a gaban baƙo, magana ta wuce.

Yaya, kin san ni. Ni ce wadda idan mai shago ya ba ni abin da ban nema ba, sai in karɓa in taho don kada in yi magana. Amma da na kalli kwamfutar nan, fuskar yarinyar nan na gani a lungu. Sai na mayar da hannuwana baya na riƙe su. Na ce su yi haƙuri, ba zan iya ba. Muryata ta yi ƙasa har Shugaba ta ce in maimaita, na maimaita. Na ce littafin da ba za a iya nemo shi ba, da shi da wanda aka kulle a akwati duk ɗaya ne, bambancin kawai shi wannan babu wanda zai ga makullin. Na ce yarinyar da ba ta san sunan abin da ya same ta ba, ba za ta san sunan littafin ba. Mutumin ya ce wannan tarbiyyar gida ce, uwa ce take koya wa 'yarta. Na ce gaskiya ne, amma wadda ba ta da uwa fa? Sai ya juya ya ce wa Shugaba ta ji irin yaran da suke yayewa. Wallahi ban ɗaga murya ba, ban kalli idonsa ba, hawaye ma nake yi. Amma ban zauna a kujerar ba.

Shugaba ta ce in je gida in yi tunani zuwa farkon mako: ko in goge in ba da haƙuri, ko in ajiye bajo. Ta kuma aika wa Baba. Abin dariya a ciki, in akwai, shi ne har yau Baba bai iya faɗin abin da aka yi ba. Maganar nan kawai yake cewa. Ya ce shi bai ce na yi ƙarya ba, amma yarinya ba ta ja da manya a kan maganar nan, kuma kalma huɗu ba su kai a rasa matsayi a kansu ba. Na ce masa idan ya haɗa wa gida wuta, aka ce ya bar wayoyin amma ya cire makunnin don kada a gani, zai ce ya yi aiki? Sai ya ce wa Umma ta ji 'yarta, wai an fara yi masa lacca da sana'arsa. Umma ba ta ce komai ba, keken ɗinkinta kawai ya ƙara sauri. Wannan shirun nata ya fi faɗan Baba damuna, don ban san ɓangaren da take ba.

Ranar da aka ɗiba na koma ofis. Na durƙusa na gaida Shugaba, na ce idan akwai rashin ladabi a yadda na yi magana, ina neman afuwa da zuciya ɗaya. Amma kalmomin ba zan goge ba, domin ba kuskure ba ne. Na cire bajon na ajiye a kan teburinta. Ta ce in tafi aji. A ranar Malama ta goge su da kanta, ta rufe sunana a kwamfuta. Ban riƙe ta a zuciya ba, tana da yara, kuma aikinta ne abincinsu. Da na shiga washegari a matsayin mai karatu kawai, ta kasa haɗa ido da ni. Na je kwamfutar nema na buga jini don in gani da idona. Sauron ya dawo. A kujerata kuma wata ce zaune tana taunar biro. Ba zan ɓoye miki ba, na shiga banɗaki na yi kuka mai isata.

Sai dai akwai abin da ba su lissafa ba. Sun goge daga kwamfuta, amma ni na san inda littattafan suke: kantar da ke kusa da taga, layin ƙasa, bayan littattafan kwaɗi. 'Yar tabarau ce ta fara kawo mini wata ƙawarta lokacin tara, tana jan ta da hannu, ta ce ga yayar da ta sani. Daga nan sai aka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu da raɗa, wasu su tsaya kusa da ni kawai suna murza gefen riga har sai na gane. Nakan faɗa musu wurin, wadda ta ji kunya in raka ta. Babu dokar da ta hana ɗaliba nuna wa 'yar'uwarta kantar littattafai. 'Yan ajinmu har sun sauya mini suna, wai Katalog. Ni da nake ɓuya bayan kwamfuta don kada a yi mini magana, yanzu bakina ba ya hutawa. Har yanzu yana yi mini wuya, Yaya, duk lokacin da zan faɗi kalmar. Amma ina faɗa, kuma zan ci gaba da faɗa har in gama makarantar nan.

Saboda haka idan Baba ya kira, ki saurare shi, ki kwantar masa da hankali, amma don Allah kada ki ce in koma in goge laifin da ban yi ba. Ko kin faɗa ba zan yi ba, kuma ba na so karon farko da zan ƙi maganarki ya zo. Abin da kika yi mini a bakin gado shi na yi wa wasu, ni dai a gurbin maudu'i na rubuta nawa.

Saura labarin Umma. Bajon ya bar 'yan huji biyu a ƙirjin rigata ta makaranta. Jiya da yamma ta ɗauko rigar za ta ɗinke, har ta zura zare a allura, sai na ce ta bar su haka. Ta dube ni, ta dubi rigar, ta mayar da ita kan rataya. Ta koma kan keke, kuma ba tare da ta ɗago kai ba ta tambaye ni ko ana barin mutum ya zo da littafin nan na Hausa gida. Na ce ana bari. Ta ce to in aro, Auta tana girma, kuma ita ba ta iya irin bayanin da kika iya ba. Yau na aro shi. Yana cikin jakata yanzu haka, kuma da sunana aka rubuta aron.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki shafa mini kan 'yan biyu, ki ce musu ƙanwar mamansu tana kewarsu. Ki gaida surukarki da Goggo idan kun haɗu. Umma tana gaishe ki, ta ce ki rage ɗaukar kaya masu nauyi. Auta ta ce kada ki manta alkawarin jakarta, don in huta. Baba ma na san yana gaishe ki, ko da yake zai faɗa miki da kansa, tare da maganar nan. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki ƙanwar har kullum,
Shiru-shiru, wadda yanzu ake kira Katalog