Na ce wa Inna allon aikin marigayi ne, yanzu za ta bar gonarta saboda shi

Assalamu alaikum 'yan group, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ƙarya na yi da kyakkyawar niyya, ga shi tana neman cin gonar mahaifiyata.

Mu biyu Inna ta haifa, ni mace da ƙanena, a wani ƙauye kusa da Rufa'a. Shi ya karanci zane a Khartum, irin zanen nan da ba mutum ba dabba, launuka ne kawai a kan juna. Inna ba ta taɓa ganin aikinsa ba, yanar ido ta rufe mata gani tun kafin ya fara. Da yaƙi ya tashi ya dawo gida hannu rabbana, duk zanensa ya baro su can, bara kuma zazzaɓi ya tafi da shi. Abin da ya rage mini hoton zane ɗaya ne a waya, wanda yake cewa kogi ne a lokacin damina.

Bayan arba'in Inna ta daina cin abinci, kullum maganarta ɗaya, wai yaron nan ya tafi bai bar mata ko abin da za ta taɓa ba. Wata rana a kasuwar Rufa'a na ga buhun 'yan bulo na roba, waɗanda yara ke harhaɗawa, na saya. Wata biyu ina duba hoton zanen nan a waya ina manna su da gam a jikin allon katako, shuɗi na ɗora shi hawa uku ya yi tudu, launin ruwan ƙasa na bar shi a kwance, ja kuma ya ratsa tsakiya. Da na rataye mata a bango ta shafa, ta tambaye ni aikin wane ne, bakina ya riga hankalina, na ce nasa ne, wani abokinsa ya kawo. Tun ranar take cin abinci. Kowace safiya bayan sallah sai ta bi tudun nan da yatsa tana cewa, “Nan hannunsa ya bi.”

To yanzu za a raba gado. Hawashar da babanmu ya bar wa ƙanena, wato gonar noman rani da muke ci daga ita, ni da Inna da Baffa ƙanen babanmu ne magada. Da malamin da zai raba gadon ya ce a lissafo duk abin da mamaci ya bari, Inna da kanta ta sa allon a ciki, ta ce Baffa ya ɗauki rabonta na gona, ita a bar mata allon, khalas, shi ke nan. Baffa ko kunya bai ji ba, ya amsa. Na ja shi gefe na ce ai roba ce ta wasan yara, ya ce ina ruwana, mai rabo ta zaɓi abinta. Mun yi cacar baki har ya ce baƙin ciki nake masa.

Ranar Juma'a malam zai tambaye ni a gaban mutane ko allon na marigayi ne, don ta hannuna ya shigo gidan. In na ce eh, na yi shaidar zur a kan gado, Inna ta rasa gona. In na ce a'a, wallahi tsoro nake ji ta koma yadda take a da. Jiya na shiga ɗakinta da niyyar faɗa mata gaskiya, na tarar tana goge allon da gefen mayafinta, ta kama hannuna ta ɗora a kan shuɗin, ta ce in ji yadda ƙanena ya iya aiki.

Na shafa shuɗin, na fito da gaskiyar a cikina. Ku da kuke da iyaye a raye, me zan faɗa wa malam ranar Juma'a?