Rilen da Ka Ɓoye, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Issaka mai gyaran wayar mota, unguwar Nima.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina fatan ƙasa ta yi maka sauƙi. Yau kwana arba'in da tafiyarka. An yi addu'a da safe, an watse, ni kuma ina zaune cikin tasinka a ƙofar gida ina rubuta maka wannan, hannuna duk baƙin mai.

Tun ranar da muka kai ka makwanci motarka ta ƙi tashi. In na murɗa makulli fitilun gaba su kama, rediyo ya yi magana, amma injin ko tari. Ko ɗan ƙas ɗin nan da ake ji kafin sitata ta juya, babu.

Ƙaninka, Baba Ƙarami, ya yanke magana: yau bayan la'asar za a raba gado. In motar ta tashi da makulli a gabansa, a bar mini ita in ja, in riƙe mahaifiyata Mma da ƙannena. In ta ƙi, 'yan kondem na Old Fadama, masu sayen tsofaffin ƙarafa, su ɗauke ta su yanka ta ƙarfe-ƙarfe. Har sun zo sun zagaya ta sau biyu suna ƙwanƙwasa ƙofofinta kamar masu tayin kankana. Na tsane su, Baba, alhali ba su yi mini komai ba.

Sau nawa ka ce in zauna in koyi aikinka? Na ce ni ba zan ƙare a ƙarƙashin motar mutane ba, na tafi unguwar Tudu sayar da wayar hannu. Ba ka yi faɗa ba. Cewa kawai ka yi, "To, wata rana za ka nemi ni." Ga ranar, kuma kunya kamar ta kashe ni.

Na aro batir, shiru. Na duba fiyus ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya. Wani fita, wato makanike, daga unguwar Alajo ya haɗa sitata kai tsaye da sukundireba, ta juya garau. Ya ce to laifin na rile ne, ɗan akwatin nan da ke karɓar saƙon makulli ya sakar wa sitata wuta. Muka buɗe mazauninsa, wayam. Ka cire shi tun shekarar da ɓarayi suka so tafiya da motar, ka sake haɗa shi a ɓoye inda kai kaɗai ka sani. Kuma duk wayoyin da ka ja jajaye ne, domin nadi ɗaya ka saya ka yi ta yanka. Fitan ya bi su yini guda, ya share gumi ya ce, "Chale, abokina, tsohon nan shi ɗaya ya san motan shi."

Na ji haushinka, ba zan ɓoye ba. Mutum ya rufe abu haka, ya tafi bai bar ko kalma ba?

Ɗazu bayan Juma'a na shigo na kifa kai a sitiyari. Sai na tuna yadda kake yi kowace safiya. Kafin ka murɗa makulli sai ka sunkuya ka bugi ƙarƙashin kujerar fasinja sau uku, ka ce Bismillah. Mu muna dariya, muna cewa Baba na gaida aljanin motarsa. Mma ma ta ɗauka wani laƙani ne.

Na zura hannu. Ga shi nan, naɗe da tsumma, ka liƙe shi da dalma yadda ba ya ciruwa. Ashe cikinsa ne ya tsufa yake maƙalewa, bugun ne ke sakinsa. Shekara da shekaru kana nuna mini wurin a gaban idona, ni ina dariya.

Na buga, na murɗa, shiru. Sai a karo na bakwai na ji ƙas, ta ɗauka.

Baba, Mma ta fito daga ɗakin takaba da gudu, ko mayafi babu. Ta zo bakin ƙofa tana cewa, "Malam, ka dawo?" Da ta ga ni ne a kujerarka sai ta dafa bango, ta koma ciki a hankali. Ban san inda zan sa kaina ba.

Tun lokacin ban kashe injin ba, tsoro nake ji. Babu lokacin neman sabon rile, ga kiran la'asar an fara. Baba Ƙarami ya aiko cewa yana hanya, kuma sai na kashe ta na sake tayarwa a kan idonsa. Sau ɗaya cikin bakwai ta amsa mini. Ban san ƙarfin da kake bugawa ba, ban san ko da tafin hannu ne ko da yatsu. Ban taɓa kallo da kyau ba.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ni kuma ka yafe mini ƙin zama kusa da kai. Ya Allah, kada ka sa Mma ta ga ana jan motar nan da igiya.

Ga su Baba Ƙarami can sun shawo kwana, har da motar kondem a bayansu. Zan kashe ta yanzu, Baba. Bismillah.

Ɗanka da bai koya ba,
Mubarak