Katin Bom

Daren Laraba, Nasarawo

Tun da dokar hana fita ta tsare mu a gida na zana wa yara katunan wasa, suna musaya. Ƙa'idata ɗaya ce: kowane kati akwai mai cinye shi, yadda Ruwa ke kashe Wuta.

Yau na tarar ƙanena Sadiƙu ya ƙaro nasa, wai Bom. Ana jefa shi, kowa ya faɗi. Tir! Ko kunya bai ji ba.

Usman ɗan maƙwabta, wanda babansa ya rasu a harin bom na tasha, shi ya ba da duk katunansa ya karɓe shi.

Na ce, "Usman, don me?"

Ya ce, "Yaya, in yana hannuna ba mai jefo min shi."

Tuwon dare ma na kasa ci.