Rakiyar Ishbiliya

Sebiya, Sifen
Satumba, 2019

Maman Nana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da sarauniyar gidan. Ki sumbace min ita in ta yarda.

Na iso lafiya. Taron kamfanonin jiragen ruwan nan irin wanda kika sani ne, a rataya maka kati a wuya a yi ta nuna maka hoton kwantena, kamar ba da ita nake kwana nake tashi a ofishinmu na Port Saeed a Dubai ba. Garin ne abin kallo. Shi ne wanda Larabawa suke kira Ishbiliya. Bishiyar lemo a kowane titi, kuma ba mai tsinka, wai ɗaci gare shi. Na ga hasumiyar da aka ce a da ladani ne yake hawanta, yanzu ƙararrawa ce a samanta.

Masaukin da ofis suka kama min ba otal ba ne, tsohon gida ne a cikin wani lungu irin na cikin birni, in ka buɗe hannu sai ka taɓa bango biyu. Akwai tsakar gida da rijiya da aka rufe da ƙarfe. Matar da take kula da gidan ta ba ni makulli a bakin titi, ta ce ni kaɗai ne a ciki wannan makon.

To ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Kin san ni da sallama, ko lif na shiga sai na yi, kina ta yi min dariya. Na buɗe ƙofa da tsakar rana, lokacin da garin nan kaf yake barci, na yi sallama kamar kullum. Aka amsa min, Maman Nana. Muryar dattijo ce daga wajen rijiyar, ya amsa ta cikakkiya har da wa barakatuhu, a natse, kamar wanda ya daɗe yana jiran a yi masa ita. Na leƙa ɗakuna, na hau sama, ba kowa. Na kira matar, ta yi dariya ta ce bututun ruwa ne. Ni dai ban taɓa jin bututun da ya iya tajwidi ba.

Ranar farko na tsorata, ba zan ɓoye miki ba. Yanzu kuwa har mun saba. In na dawo daga taro in yi sallama, a amsa, kowa ya kama harkar gabansa.

Ki gaida maƙwabta. Sai na dawo.

Naki,
Sharfuddeen

*

Bur Dubai

Abban Nana,

Wa alaikumus salam, kuma ni mutum ce, kana iya zuwa ka duba. Muna lafiya. Nana kullum sai ta ɗauko takalminka ta kai bakin ƙofa.

Na karanta saƙonka na yi dariya, na sake karantawa ban yi ba. Kai dai ba za ka daina gaishe da bango ba, to ga shi bango ya amsa. Don Allah ka tattara kayanka ka koma otal, inda ake da mutane masu inuwa. In ofis ba za su canza maka ba, ka canza wa kanka, khalas, shi ke nan. Sabon da kake cewa kun yi shi ne abin da ya fi tayar min da hankali.

Ka riƙe azkar. Tsaraba ma na yafe, ka dawo min kai kaɗai yadda ka tafi.

Matarka,
Sa'adiya

*

Bur Dubai
Oktoba, 2019

Zuwa ga Gwaggo Zaituna, Kano.

Assalamu alaikum. Gwaggo, na durƙusa ina gaishe ki, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ki yi haƙuri da na rubuto ban kira ba. Maganar ce ba na son in faɗe ta da baki a cikin gidan nan, don ban san iya inda ake jin mu ba.

Ɗanki ya dawo daga Sifen, amma ba shi kaɗai ba. A can ya sauka a wani tsohon gida inda ake amsa masa sallama ba a ganin kowa. Na ce ya tashi, bai tashi ba. Ranar da zai taso, da yake tarbiyyarki ce, sai ya tsaya a tsakar gidan ya yi godiyar masauki, ya yi ban kwana. Yana jan akwati a lungu ya ji taku a bayansa, na takalmin fata, ƙafa ɗaya tana ɗan ja. In ya tsaya a tsaya, in ya tafi a tafi. Rakiya ake yi masa. Tsoro ya kama shi, ya faɗa tasi bai waiwaya ba.

Takun nan ya bi shi filin jirgi, ya bi shi har Dubai. Yana jin sa a kan katakon abra, kwale-kwalen garin nan, in zai haye ruwa zuwa ofis. Ko a kasuwar Naif, cikin wannan turmutsitsin na 'yan kaya, yana iya tsamo shi daga sauran ƙafafu. In ya dawo gida, takun sai ya tsaya a bakin ƙofar flat ɗinmu, ya jira.

Da farko na ce gajiya ce. Sai da na ji da kunnena. Barandar benenmu yanzu warin tsohuwar rijiya take yi, Gwaggo, a hawa na sama. Nana kuma ta koyi ɗaga wa ƙofa hannu.

Mun yi abin da muka sani. Wani malami ɗan Kano a Naif ya yi masa ruƙiyya. Muna saka Baƙara kullum, amma ba gudu yake ba, matsowa yake jikin ƙofa kamar mai saurare. Abban Nana ya rame, ya daina raha. Shekaranjiya ya yi ƙarfin hali ya buɗe ƙofa ya ce, "Malam, na gode, a koma haka." Muka ji takun ya tafi har bakin lif, ya daɗe a tsaye, sannan ya dawo a hankali.

Tsorona ɗaya, kada ya shigo mana inda yarinya take. Ki gaya mana abin yi.

'Yarki,
Sa'adiya

*

Kano

'Yata Sa'adiya,

Amincin Allah ya tabbata a gare ku. Ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi. Saƙonki ya same ni, kuma na kwana biyu ina juya shi.

Laifin Sharfu ne, ki gaya masa ni na faɗa. Tun yana ƙarami na koya masa cewa mai rakiya ba ya juyawa da kansa, sai baƙo ya tsaya ya sallame shi. Ya iya rabin ladabi ya bar rabi. Ya janyo bawan Allah daga gidansa ya tsallaka teku da shi, sannan yanzu ya ce masa a koma. Ya koma ta ina? Wanda ka kai inda bai san hanya ba, kai ne za ka mayar da shi.

Ban ce miki na san ko mene ne ba, Allah ne masani. Amma duk abin da ya amsa sallama ya kuma tsaya a bakin ƙofa, ya san ƙa'ida. Mai rakiya iyakarsa ƙofa, ba ya shiga sai in masu gida sun mai da shi baƙo. Saboda haka kada ki ce masa bismillah, ko da suɓutar baki.

Sharfu ya nemi hutu ya koma da shi har tsakar gidan nan. In ya fito aka sake biyo shi, ya tsaya a bakin lungu ya sallami mutum kamar ɗan mutunci.

Allah ya tsare min ku, ya raya Nana Firdausi.

Gwaggonku,
Zaituna

*

Sebiya

Maman Nana,

Assalamu alaikum. Na iso, jikina lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Tun da na fito daga gida ban ji takun ba. A tasi na ce ƙarar mota ce ta danne shi. A filin jirgi har tsayawa na yi ina jira, mutane suna ture ni. A jirgi ban runtsa ba, ina ta kasa kunne.

Matar da take kula da gidan ta yi mamakin ganina, amma ta ba ni makulli. Na shiga da tsakar rana kamar wancan karon, na yi sallama. Shiru. Na sake yi a bakin rijiyar, na ɗaga murya har tattabaru suka tashi. Ba wanda ya amsa. Gidan ya zama gida kawai, ko warin rijiyar ma babu.

Na yi ta kiran wayarki ba ki ɗauka ba. Ina so in yarda cewa ya gaji ya tafi abinsa, amma Gwaggo ta ce ba ya tafiya da kansa. Ki gaya min gaskiya, me kike ji a bakin ƙofa?

Ina neman jirgin da ya fi kusa. Ki riƙe Nana a jikinki.

Sharfuddeen

*

Bur Dubai

Abban Nana,

Wa alaikumus salam. Ban ɗauki waya ba don ba na son yin magana da ƙarfi.

Ranar Juma'ar nan, ana gobe za ka tafi, kana barcin rana. Na'urar sanyin baranda ta mutu, wajen kamar tanda. Na ji mai rakiyar yana sauya ƙafa, sannan ya yi tari, busasshen tari irin na tsofaffi. A gidanmu ba a taɓa barin mutum a tsaye a ƙofa cikin zafi ba a ba shi ruwa ba. Wallahi ban ce masa komai ba. Kofi kawai na ajiye na rufe ƙofa. Da na leƙa an shanye, sai na bar kofin a wajen, tsoron taɓa shi nake.

Ka tambayi abin da nake ji a bakin ƙofa. Ba na jin komai tun jiya. Yau da safe na tarar da kofin a kicin, an wanke shi an kife a kan sauran.

Ka yi sauri. In ka iso kada ka yi sallama.

Sa'adiya